Yadda tsuntsu ke hawa iska ba tare da injin ba

Da hantsi a lokacin rani, duk wanda ya fito daga Sakatariyar Tarayya ya ɗaga kai wajen Dutsen Aso yakan ga shirwa tana kewaya sama, fikafikai a buɗe, da ƙyar take kaɗa su. Dutsen ne ke yi mata aiki. Rana ta gasa shi, shi kuma ya ɗumama iskar da ke kansa, iskar mai ɗumi ta yi sama. Shirwa takan shiga cikin wannan iska ta yi ta zagaye har ta lula, shi ya sa ba a cika ganinta can ƙololuwa da sassafe ba.

Asirin yana ga fiffike. Samansa a tanƙware yake, gabansa kuma a ɗan ɗage, don haka idan ya ratsa iska sai ya karkatar da ita ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Kaɗawar da tsuntsu ke yi ita ce ke ingiza shi gaba, kuma ƙarfinta daga tsokar ƙirji yake fitowa, wadda ke manne da wani ƙashi mai tsini a tsakiyar ƙirjin. Farin naman ƙirjin zabo da ake rububi a kansa, injinsa ne. Jimina ba ta da wannan tsinin ƙashi, sai ta tsaya ga gudu.

Yawancin ƙasusuwan tsuntsu mai tashi suna da rami a ciki. Numfashinsa ma ya sha bamban da namu, domin akwai jakunkunan iska da ke sa iska ta bi ta huhunsa ta hanya guda, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Da wannan ne yake jure sararin da mutum zai suma. A watan Nuwamban 1973, wata ungulu ta ci karo da jirgin sama a kan Abijan, a tsayin kimanin mita 11,300.

A nan ne batun ya shafi masu yawan zirga-zirga ta filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Karo da tsuntsaye ya fi aukuwa a lokacin tashi da sauka, kuma tsuntsu guda na iya lalata injin. Ranar 15 ga Janairun 2009, garken dinya ya kashe injina biyu na wani jirgin US Airways a birnin New York, matuƙin ya saukar da shi a Kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki suka tsira.

Hukumar FAAN ce ke da alhakin korar tsuntsaye daga filayen jirage, amma ikonta bai wuce shingen filin ba. Juji da mahauta da ruwa kwance su ne ke janyo shirwa da balbela, kuma izinin inda za a kafa su a tebur ɗin wasu jami'an daban ake sa masa hannu.