Tsohuwar Akori-kura Mai Dizal: Gyaran da Za Ka Iya a Ƙofar Gida

A ranar kasuwar Maigatari ko ta Illela, cikin motocin da ke shigo da hatsi da awaki daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ba za ka rasa tsohuwar akori-kura mai shan dizal wadda ta girmi direbanta ba. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, ya sa mata injin dizal a 1979, daga nan aka samu jerin injunan da kanikawa suka haddace: 2L mai lita 2.4, da 3L mai lita 2.8, da 5L mai lita 3. Akwai kuma 1HZ mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, shi ne ke cikin Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke keta rairayi daga Agadas zuwa Dirku. Yawancin waɗannan injuna ba kwamfuta ke sarrafa su ba, don haka mai mota da ke da sifana da natsuwa zai iya yi musu abubuwa da yawa da hannunsa.

Ba tsufa ke kashe irin wannan inji ba. Ruwa a cikin mai, da ƙura a cikin iska, da zafin da ya wuce kima, su ne ke kai shi ga bugawa, kuma dukkansu abubuwa ne da ake tarewa a gida kafin su zama aikin gareji.

Dalilin yana cikin yadda injin ke aiki. Tun wanda Rudolf Diesel ya tayar a Jamus a 1897, injin dizal ba ya da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska zalla, a injunan L har kusan ninki 22, sai iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai lokacin nozul ke fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Ke nan inji na buƙatar iska mai yawa kuma mai tsabta, da ringi da bawul da ke riƙe matsi, da feshin mai a kan lokaci. Duk wata matsala da za ka gani, daga ƙin tashi da safe zuwa baƙin hayaƙi, tana komawa ga ɗaya daga cikinsu.

A fara da mai, don a nan aka fi asarar kuɗi. Ƙarafan da ke cikin famfon injekta an sassaƙa su ne su shige juna da tazarar da ido ba ya gani, kuma man dizal ɗin da kansa ne ke shafe su don kada su ci juna. In ruwa ya shiga, tsatsa ta kama su. In aka gauraya man da kananzir, santsinsa ya ragu, famfo ya riƙa cin kansa a hankali. Ruwan kuwa ba sai wani ya yi maka mugunta ba: yana zuwa daga durom da jarkar 'yan bumburutu, yana kuma taruwa a tankin da aka bari rabi, domin iskar ciki na yin raɓa in dare ya yi sanyi. Shi ya sa ya fi kyau mota ta kwana da tanki cike, kuma man da aka saya a jarka a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a bar na ƙasan a jarkar.

Masu ƙera motar sun san da wannan, suka yi wa filtar mai wurin tara ruwa a gindinta, da 'yar fitila a dashbod da ke kamawa in ya cika. Buɗe bonet, za ka ga filtar da wani maɓalli zagayayye a kanta, a ƙasanta kuma wani marfin roba da waya a jiki. Yanke gorar ruwa mai gani-har-hanji ka tara a ƙasa, ka sassauta marfin zagaye biyu, ka riƙa danna maɓallin sama. Abin da zai fara zubowa ruwa ne mai dauɗa. Ka ci gaba har mai tsantsa ya biyo, sannan ka ɗaure da hannu kawai, ban da filaya, don robar na tsagewa. Ɗaga gorar ka duba a haske: ruwan zai kwanta a ƙasa, man na yawo a samansa. In ruwan na da yawa, ka sauya inda kake shan mai. Wannan aikin minti biyar ne, ya kamata a yi shi duk wata, da damina ma fiye da haka.

Ita kanta filtar a canza ta kafin ta wuce kilomita 20,000, ko da zarar mota ta fara shaƙewa a kan hawa. A shafa wa zoben robar sabuwar ɗan dizal, a ɗaure da hannu, a yi ta danna maɓallin har ya yi tauri. Taurin nan shi ne alamar iska ta fita. Haka ake yi in mai ya ƙare a hanya mota ta sha iska. In an yi haka ba ta tashi ba, a tsofaffin injuna ana sassauta notin bututun da ke kan nozul rabin zagaye da sifana lamba 17, wani ya ba da kik har mai ya fito ba kumfa, sai a ɗaure.

Amma a kula da kyau: wannan dabarar ta tsofaffin injuna ce kawai. Hilux ɗin da ke da rubutun D-4D, masu injin 2KD da 1KD da suka yawaita daga wajen 2005, suna tara mai a bututu guda da matsin da ya haura bar 1,300, kusan ninki tara na tsohon nozul. Feshin da ya tsira daga irin wannan bututu yana huda fata ya shiga tsoka, kuma mutum na iya rasa yatsa a kan raunin da bai fi bakin allura ba. Kada ka taɓa bututunsu inji na aiki, kada kuma ka lalubi yoyon mai da hannu a kowane injin dizal.

Sai iska. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Sahara garin yashi ce, in ta haɗu da baƙin mai a bangon silinda sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ringi da kowane hawa da saukar fistin. Filtar iska ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. A cire ta, a bubbuga a hankali a tafin hannu, in akwai iskar famfo a hura daga ciki zuwa waje. A saka tocila a cikinta. In haske ya fito ta wata ɓula, ta gama aiki. Ga kuma gwajin da ya fi kowane sauƙi: kwance tiyon da ke tsakanin filta da inji ka shafa yatsa a cikinsa. In ka ga ƙura a yatsanka, akwai inda iska ke satar hanya, ko tiyo ya tsage ko murfi bai zauna ba. Wasu na cire filtar gaba ɗaya wai don mota ta ƙara ƙarfi. Ƙarfin na 'yan makonni ne, bayansa sai sauke inji.

Baƙin man injin dizal yana yin baƙi ƙirin 'yan kwanaki bayan juye, wannan ba laifi ba ne, toka ce yake kwashewa. Abin da ke gajiyar da shi a yankinmu har da sinadarin sulfa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan dizal mai datti da ake sayar wa ƙasashen Afirka, lokacin da ƙa'idar Najeriya ta yarda da sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai iyakar 10 ce. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Sulfa in ta ƙone ta haɗu da danshi tana zama asid a cikin baƙin mai, shi kuma ya ci ƙarfe. Saboda haka a tsohon inji mai aikin ƙauye, juye duk kilomita 5,000 tare da sabuwar filta, da mai 15W-40 wanda aka rubuta na dizal ne, a galan mai hatimi. A yi juyen inji na da ɗumi. Kowace safiya a zaro sandar awo: in man ya ƙaru da kansa yana warin dizal, famfo ko nozul na zuba a ciki; in ya koma ruwan madara, ruwa ya shiga, kada a tayar da motar.

Maganar zafi ita ce inda na fi saɓa wa al'adar garejinmu. Da mota ta iso daga Kwatano, abu na farko da wasu ke yi shi ne cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. A ganina wannan kuskure ne babba. Tamostat na buɗewa ne in ruwa ya kai digiri 80 da 'yan kai, don inji ya yi saurin kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, da safe inji ya daɗe a sanyaye, mai bai ƙone sosai ba, silinda na lalacewa, kuma a injuna da yawa ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanya yana kauce wa lagireto. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ta saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfi ya mutu. Murfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120, kuma ba shi da tsada.

Ruwan rijiya da na burtsatse na barin farin gishiri a cikin siraran bututun lagireto, yana kuma sa tsatsa. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na kanti, a sauya shi duk shekara biyu. Bayan kaka a wanke ƙaiƙayi da laka da suka liƙe a fuskar lagireto, ana watsa ruwan daga bayansa. In allurar zafi ta hau kana tafiya, tsaya nan take. Kada ka buɗe murfi, kada ka kwara wa inji ruwan sanyi. Kan silinda na injunan 2L mai turbo da 1KZ ya yi suna wajen tsagewa in ya sha zafi, kuma sau ɗaya ya isa.

Akwai bel biyu da ya kamata ka sani. Taimin bel yana ɓoye a bayan murfi, shi ke haɗa motsin fistin da na bawul. In ya tsinke inji na gudu, fistin ya daki bawul. A injunan L da 1HZ ana canza shi duk kilomita 100,000, a na KD 150,000, kuma in ka sayi mota ba ka san tarihinta ba, ka canza shi kafin komai. Na biyu fambel ne. A injunan L, famfon da ke sa birki ya yi laushi yana manne a bayan dainamon caji, don haka in fambel ya tsinke, ban da rashin caji da zafi, birki ma zai yi tauri bayan taku biyu ko uku. Ajiye sabo a bayan kujera.

In mota na wahalar tashi da sanyin safiya a Jos ko Agadas amma da rana lafiya lau, yawanci hita ce, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin inji ya tashi. A murɗa makulli a jira fitilarta ta mutu kafin a ba da kik. Mai ƙaramar mitar lantarki zai iya gwada kowace hita: mai lafiya na nuna wajen om ɗaya ko ƙasa, matacciya ba ta nuna komai. A goge kawunan batir su yi fes, don injin dizal na son kik mai ƙarfi. Jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska, ko fesa maganin sauro, yana tayar da mota, amma fashewar da yake yi kafin lokaci na karya ringi.

Salansa ma tana ba da labari. Baƙin hayaƙi mai ya fi iska yawa, a fara duba filtar iska kafin a zargi famfo. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai yaji a ido da safe mai ne da bai ƙone ba. Fari mai kama da tururi da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa, gasket ɗin kan silinda ne.

Ƙarƙashin mota aikinsa giris ne da ido: a cika kan furofela da giris a kowane juye, a duba man giya da na aksul bayan an ratsa rafi da damina, a sauya man birki duk shekara biyu. Hilux an yi ta ne don kaya kusan tan ɗaya, wato buhun masara goma. Abin da ya haura haka sifirin da boris da birki ne ke biya. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, a tare tayoyi, a cire baƙar wayar batir tukuna. Tsohon baƙin mai a tara a jarka, nesa da rijiya da yara.

Famfon injekta, da nozul, da saita bawul, da buɗe kan silinda, waɗannan na masu kayan awo ne. Kada ka yarda a murɗa sukurun famfo da ka don a ƙara wuta. In za ka kai nozul gyara, ka tsaya a ɗora kowanne a kan na'urar gwaji a gabanka: mai kyau na fesa hazo da 'yar ƙara a matsin da littafin motar ya faɗa, marar kyau na ɗiga ko ya tsarto mai kamar zare. Wajen mayarwa a sa sababbin wosha na jan ƙarfe, a kuma rubuta kilomitar ranar a littafin da ke cikin motar tare da ta juye da ta taimin bel.