3.4 Dalilin da Ke Sa Direban Katin Sadarwa Ya Ƙi Na'urar SFP ta Wani Kamfani

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin bayyana abin da ke faruwa a lokacin da aka cusa na'urar SFP cikin katin sadarwa, wato ƙaramar na'urar nan da ke mayar da saƙon lantarki ya zama haske domin ya bi ta wayar gilashi, ta kuma mayar da haske ya zama saƙon lantarki. Sau da yawa ma'aikata kan sayi ta wani kamfani saboda arha, sai a wayi gari kati ya ƙi ta, layi kuma ya ƙi tashi, alhali lafiyarta ƙalau.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sun amince da tsari guda game da girma da siffa da hanyar wuta. Saboda haka kowace na'ura na ɗauke da 'yar ma'adana wadda ƙa'idar SFF-8472 ta fayyace abin da za a rubuta a cikinta. A adireshin A0h ne ake samun sunan kamfani a bayit na 20 zuwa 35, da lambar shaidar kamfanin a bayit na 37 zuwa 39, sannan lambar samfuri a bayit na 40 zuwa 55. Da zarar an cusa na'ura, wannan bayani ne ake fara karantawa.

Alal misali, katin Intel X520 yana aiki da direban ixgbe a tsarin Linux. Idan direban ya tarar na'urar haske ce, kuma lambar shaidarta ba ta Intel ba ce, yakan ƙi kunna ƙofar. Amma idan aka ɗora shi da umurnin allow_unsupported_sfp=1, sai ya karɓe ta tare da gargaɗin cewa kamfanin bai gwada ta ba. A katin X710 kuwa, manhajar da ke cikin katin kansa ce ke yin wannan bincike, don haka direbansa i40e ba shi da irin wannan umurni.

Sai dai ya kamata a bambance ƙin da ya samo asali daga manufar kamfani da rashin dacewa na haƙiƙa. Na'urar 10GBASE-SR tana aiki da haske mai tsawon zango nanomita 850, ta LR kuwa 1310. Babu umurnin da zai sa su fahimci juna.

Bisa ga wannan, kafin a yanke hukuncin cewa na'ura ta lalace, wajibi ne a karanta ma'adanarta da umurnin ethtool -m, a kuma gano ko direba ne ke tantancewa ko katin kansa. Sanin haka tun kafin saye shi ne zai hana asarar kuɗi. Sashe na gaba zai duba yadda 'yan kasuwa ke sake rubuta wannan ma'adana.