Karin sauti a ɗakin fiɗa

A shekarar 1974 injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gabatar da na'urar awon oksijen cikin jini ta hanyar haska fata. A farkon shekarun 1980 kamfanin Nellcor na Amurka ya ba ta murya: kowane bugun zuciya, ƙara guda, in oksijen ya ragu, karin ya sauka. Likita mai sa barci yana ji, idonsa bisa marar lafiya.

Mu lura, aikin kari ke nan a Hausa, inda shi ke raba kúukáa (hawaye) da kúukàa (icce). Sai dai kunne sauka da hawa yake kamawa. Ko 97 ne ko 91 cikin ɗari, wannan sai an dubi allo.