Sa'ad da Alkama Ta Zama Cuta ga Ɗan'uwa

Sau da yawa mukan ga yaro yana ramewa, ciki a kumbure, zawo ba ya tsayawa, jini kuma ya yi ƙaranci. Mukan ce tsutsar ciki ce, wasu har su zargi maƙwabta da sammu. Amma wani lokaci abin da ke cinsa yana cikin burodin da muke ba shi da shayi kowace safiya.

Likitoci suna kiran wannan cuta siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo, gulutin, wanda ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi. Idan mai cutar ya ci, sai garkuwar jikinsa ta far wa ƙaramin hanjinsa, abinci ya riƙa wucewa bai amfane shi ba. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da haka a 1950. An ƙiyasta tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Maganinta ɗaya ne: barin alkama da sha'ir muddin rai. Amma kada a bari kafin a je asibiti, gama gwajin jini ba zai nuna daidai ba in an riga an daina ci.

Mun gode wa Allah, gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya, rogo da wake duk ba su da gulutin. Abin gudu shi ne burodi, taliya, gurasa, alkaki, funkaso, fanke, cincin, Semovita da lemun malt. Akwai kuma tarko a ɓoye: ɗanwaken da aka haɗa da fulawa, ƙosan da aka soya a man fanke, da garin da aka kai injin da ya niƙa alkama. Ɗan kaɗan ma yana ɓarna.

To, yaya batun Jibin Ubangiji? Ikkilisiyar Katolika ta yarda mai cutar ya karɓi ƙoƙon kaɗai, ko gurasa mai ƙarancin gulutin. A sauran ikkilisiyoyi, a sanar da fasto da dattawa tun da wuri domin su yi tanadi.

Ku iyayenmu na zumuntar mata, ranar biki ku ware masa tukunya da cokali. In ya ce ba ya ci, kada mu ce girman kai ne. Ubangiji ya ba mu zuciyar kula da juna. Amin.