Mayofibroblastoma na nono

Mayofibroblastoma na nono wani ƙari ne da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ke fitowa a cikin naman nono. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. An fi ganinsa a jikin maza masu shekaru 60 zuwa sama, da kuma mata da suka daina al'ada. A shekarar 1987 ne likitoci uku a Amurka, Wargotz da Weiss da Norris, suka bayyana shi a matsayin cuta mai zaman kanta, bayan nazarin marasa lafiya 16, waɗanda 11 daga cikinsu maza ne.

Alamomi

Ƙarin kan fito a matsayin ƙullutu guda ɗaya a nono ɗaya. Yana da ɗan tauri, yana motsi idan aka taɓa shi, ba ya ciwo, kuma a hankali yake girma. Yawanci girmansa bai wuce santimita 1 zuwa 4 ba.

Cututtukan da ake rikita shi da su

Abin da ya fi jawo kumburin nono ga maza shi ne ginekomastiya, wato girman naman nono a bayan kan nono saboda sauyin sinadaran jiki, ciwon hanta ko wasu magunguna. Akwai kuma ƙarin kitse. Wanda ya fi haɗari shi ne kansar nono, wadda kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita a duniya maza ne. Alamominta sun haɗa da ƙullutu mai tauri da ba ya motsi, lotsawar kan nono, fitar jini, da kaluluwa a hammata.

Yadda ake gano shi

Likitoci na bin matakai uku. Da farko likita zai duba nonon da hammata da hannu. Sai a ɗauki hoton sikanin ko mamogiram, inda ƙarin kan fito da iyaka a fili. Hoto kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, don haka sai a tsakuro ɗan naman da allura a duba shi da madubin likita.

A ƙarƙashin madubi ana ganin dogayen ƙwayoyin halitta masu tsini a gefe biyu, jere tsakanin zaruruwa masu kauri. Gwajin rini na musamman kan nuna sinadaran CD34 da desmin, amma ba ya nuna keratin, wanda ake samu a mafi yawan kansar nono. Sau da yawa kuma ƙwayoyin sun rasa wani yanki na kuromosom na 13.

Magani

Ana cire ƙarin gaba ɗaya ta hanyar tiyata, ba tare da yanke nonon duka ba. Ba a buƙatar gashi ko allurar kansa, kuma da wuya ya dawo.

A Kaduna

Mazauna Unguwar Rimi da sauran unguwannin arewacin Kaduna na iya ganin likitocin tiyata a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke titin Lafiya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Kunya da zaton cewa ciwon nono na mata ne kaɗai kan sa maza jinkirin zuwa asibiti. Tun da taɓawa da hannu ba ta bambance wannan ƙari da kansa, likitoci na ba da shawarar a gwada duk ƙullutun da ya fito a nonon namiji.