Alkawarin da Kotu ba ta Tilasta Cikawa

Ba kowane alkawari ne Babbar Kotun Jihar Taraba da ke Jalingo za ta tilasta a cika ba. A dokar kwangilar da Najeriya ta gada daga Ingila, tambayar farko ga mai ƙara ita ce: kai me ka bayar a madadin alkawarin da aka yi maka? Ba ni gishiri in ba ka manda, shi ne tushen maganar.

A ce wani mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Jalingo ya ce wa yaronsa, "Bayan girbi zan saya maka babur." Idan ya fasa, yaron ba shi da abin kai ƙara, domin kyauta ce aka yi niyya. Da cewa ya yi, "Ka riƙa yi mini dakon masara daga Mutum Biyu har ƙarshen kaka, babur ne ladanka," yaron kuma ya yi aikin, to kwangila ta ƙullu.

Kotu ba ta duba tsada ko arahar abin da aka bayar, muddin yana da wata ƙima a idon doka. Amma alherin da ya riga ya wuce ba ya shiga lissafi. Oba Akenzua na Biyu ya taimaki majalisar yankin Benin ta karɓo wasu dazuzzuka daga hannun kamfanin katako. Daga baya majalisar ta yi masa alkawarin wani yanki, sannan ta janye. A 1959 kotu ta kori ƙararsa, saboda taimakon ya riga alkawarin zuwa.

Inda abin ya fi cizon 'yan kasuwa shi ne bashi. Wanda ke bin ka naira 500,000 ya ce kawo 300,000 ya yafe saura. Bisa hukuncin shari'ar Foakes da Beer ta 1884, yana iya dawowa neman cikon, domin ba ka ba shi wani sabon abu ba. Da ka biya kafin wa'adi bisa buƙatarsa, ko ka ɗora masa buhun shinkafa ya amince, da yafiyar ta zauna.

A mazhabar Malikiyya kuwa kyauta tana hawa kan mutum da furucinsa, ta kammala da karɓa, don haka hukunci kan bambanta a kotun shari'ar Musulunci.

Duk mai ƙulla ciniki ya fayyace abin da kowane ɓangare zai bayar, a rubuta shi gaban shaidu tun ana ga-maciji da juna.