MOTA MAI CAJI A HANYAR KWANAR DANGORA ZUWA DOGUWA: A YI LISSAFI KAFIN A SALLAMA

Tun ran 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abokin tarayyar kowane ɗan kasuwa, yana cin riba alhali bai zuba jari ba. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa 1,000. Buhun masarar Doguwa ko na shinkafar Tudun Wada, kafin ya sauka Dawanau ya riga ya sha fetur ya ƙoshi.

Wannan ne ya sa zancen mota mai caji, watau wadda ba ta shan mai sai wutar lantarki, ya shigo tashoshinmu na Bebeji da Ƙiru har can Doguwa. Tun da yake dukiyar mutane ce za ta shiga ciki, mun ga ya kamata mu baje zancen a faifai, kowa ya auna da mudunsa.

WACE IRIN MOTA CE?

Ba sai an gaya wa mutumin wannan hanya ko mece ce Golf ba. Ita ce jakar tasha, ga ɗaukar mutane ga ɗaukar kaya. Samfurin da ya fi yawa a hannun direbobinmu shi ne na uku, wanda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar a 1991. To, irin wannan ƙira ce, gajeriyar mota mai ƙofa a baya, aka koma yi da batir. Volkswagen ɗin ya yi e-Golf daga 2014 zuwa 2020, sa'an nan ya maye gurbinta da ID.3.

Wadda ta fi ɗaukar hankalin samari kuwa ita ce MG4 XPower, ta wani kamfanin ƙasar Sin, wadda ta fito a 2023. Ƙarfinta na doki 435 ne, alhali Golf ɗin tasha mai injin 1.8 ba ta wuce doki 90 ba. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Batirinta yana cin yunit 64 na wuta, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa a gida, a takarda kuma an ce caji ɗaya zai kai ta kilomita 385.

A nan gida ma abin ya soma. A 2020 aka nuna Hyundai Kona mai caji da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, lokacin tana hannun Jelani Aliyu mutumin Sakkwato, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗauke harajin VAT daga kan irin waɗannan motoci, a 2025 kuma aka soma sayar da BYD Dolphin sabuwa a Legas.

BAKIN DIREBOBI BAI ZO ƊAYA BA

In aka tada zancen a tasha, ra'ayi yakan kasu uku.

Na farko na samari ne, waɗanda suka ga motar a waya tana tashi kamar an harba kibiya. Su abin da ya burge su shi ne ba giya, ba kulaci, ba ƙara, ka taka kurum ta tafi. Ba mu ce sun yi ƙarya ba, gama injin lantarki yakan ba da ƙarfinsa duka tun daga takun farko. Amma fa a tuna hanyar. Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada ƙauyuka ne a bakin titi, ga 'yan acaɓa, ga amalanke, ga yara masu talla. A dajin Falgore kuma shanu ba su san doki 435 ba. Motar da ba ta da ƙara, mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwanta. Sauri dai ya haifi nawa.

Na biyu tsofaffin hannu ne, masu dogon zango. Tambayarsu guda ce: in wuta ta ƙare a tsakiyar Falgore da magariba, wa zai kawo ta a galan? Mai Golf in mai ya yanke masa, ɗan bumburutu na nan. In ta mutu, duk garin da ya tsaya akwai bakanike, kayan gyara kuma ga su jibge a Ƙofar Ruwa. Su a wurinsu da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku su ne masu motocin kansu, waɗanda ake kawo wa balas da yamma. Waɗannan ba ruwansu da gudu, alƙalami suke ɗauka. Mu ma bari mu bi su.

GA LISSAFIN

Mu ƙaddara Golf da lodinta tana shan lita 10 a kilomita 100. In lita tana naira 1,000, kamar yadda ta kai a ƙarshen 2024, kuɗin ya kama naira 10,000. Mai caji kuwa, mu ba ta yunit 20 a wannan tafiya. A watan Afrilu na 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin A, wanda ya fi kowane tsada, naira 225 kowane yunit. Yunit 20 ke nan naira 4,500. Ka ga bai kai rabi ba. Kowa ya sa farashin ranar da yake karanta wannan takarda ya sake bugawa.

Har ila yau ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba gyaran kulaci. Birki ma yakan daɗe, domin in ka ɗaga ƙafa injin ne ke riƙe motar, yana mai da wuta cikin batir. Mai gangarowa daga duwatsun Riruwai sai ya ga cajinsa na ƙaruwa maimakon raguwa.

To, ina gizo ke saƙar? Wannan riba duk tana rataye ne a kan wutar layi. In da janareta za ka yi caji, ƙaramin janareta na fetur bai cika ba da fiye da yunit 2 a lita ba. Yunit 20 ke nan lita 10. Ashe man da ka guje wa a gidan mai shi ne ka saya ka ɗura wa janareta, ka ƙara da kuɗin gyaransa. An gudu ba a tsira ba.

INA WUTAR TAKE?

Rukunin A alkawarinsa awa 20 na wuta a rana. Rukunin ƙarshe, watau E, awa 4 ne. Kowa ya san rukunin da garinsu yake. Soket ɗin ɗaki, kafin ya cika batir mai yunit 64 daga ƙasa, sai ya share kamar kwana guda cur ba a ɗauke wuta ba. In an girka akwatin caji na bango mai ƙarfi, awa 10 ne ko kusa da haka. Babbar na'ura mai saurin caji ita ce ke kai batir kashi 80 cikin 100 a kamar rabin awa, ita kuwa tsadarta da wutar da take ja sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Kada kuma a manta da ƙarshen Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, Kano da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai motar haya da ya dogara da layi kaɗai, wannan makon ba balas, ga iyali na jira.

Ga madatsar ruwan Tiga nan a ƙasar Bebeji, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, gwamnatin jiha kuma ta girka mata injin wuta na megawat 10. Da za a sami wannan ƙarfi cif, zai cika batir irin wancan fiye da 150 cikin awa guda. Amma wutar da ke bakin dam daban, wadda ke bakin tasha daban.

Saura rana, wadda ba ta da mita. Farantin sola mai wat 500 yakan tara kamar yunit 2 da rabi a wuni a ƙasarmu. Tafiyar kilomita 100 tana son faranti 8 ke nan, tafiyar 300 kuwa 24. Sai dai lokacin da rana ke dukan faranti, lokacin ne direba ke kan hanya. In ban da ranar kasuwa. Motar da ta kawo 'yan kasuwa da hantsi takan tsaya jiransu har la'asar. A nan ne muke ganin ƙofa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo da ke cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, ya haɗa sana'ar da wurin caji nasa mai sola, motocin kuma cikin gari suke zirga-zirga, ba sa yin nisa da inda za su sha wuta.

KAYA DA HANYA

Daga Kano zuwa Riruwai da dawowa ya haura kilomita 300. Wancan 385 na takarda an auna shi ne ba da lodin tasha ba. In aka cika mota, aka kunna sanyi, aka taka ta sosai, mai hankali sai ya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu tun daga gida. Abin da ya rage bai kai ka ya dawo da kai ba.

Sa'an nan nauyi. Ita kanta motar ta kusa kilo 1,800 saboda batir, abin da aka yarda ta ɗauka kuwa, har da direba, bai wuce nauyin buhun masara biyar ba. Batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashin ƙafafun fasinja, tsakaninsa da ƙasa bai cika taƙi guda ba. Golf in aka yi mata lodin da muka saba, cikinta ya daki dutse, salansa ce za ta ɓalle, mai walda ya ɗinke ta nan take. Wannan kuwa in cikinta ya daki dutse, abin da ya fi komai tsada a jikinta ne ya daku, yana kuma iya kamawa da wuta. Tayoyi ma sukan cinye da wuri, saboda nauyi da ƙarfin tashi.

NASIHA GA DILLALAI

Dillalin mota ya saba da buɗe bonet, ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya yanka farashi. Wannan ba ta da hayaƙin da za a duba. Darajarta tana cikin batir, batir kuwa ido ba ya ganin lafiyarsa. Sai an jona na'ura ta faɗi kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. Duk 'yar Kwatano mai caji da mai ita ya ƙi a jona mata na'ura, a ce masa albarka.

A tambayi shekara da tafiya. Volkswagen yana lamunce batirinsa shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Motar haya mai yin kilomita 250 a rana, kwana 300 a shekara, ta cinye 75,000. Cikin shekara biyu da 'yan watanni lamunin ya ƙare ke nan.

A tambayi yadda batir ke shan sanyi. Nissan Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, a 2012 kuwa masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ya yi kama da bazararmu, suka yi ta kukan batir ya raunana da wuri. Wanda ake sanyayawa da ruwa ya fi dacewa da mu.

A duba bakin caji. Na ƙasar Sin daban, na Turai daban, na Japan daban, na Amurka daban. Mota mai kyau da ba ta shiga na'urar da ke kusa da kai, kayan ado ce. A kuma duba sitiyari. Tun 1972 muka koma bin hannun dama, saboda haka motar Ingila mai sitiyari a dama ba ta hanyarmu ba ce, komai arharta.

INDA MUKA TSAYA

Ga mai gida a Kano wanda ke da sola a rufin ɗaki, tafiyarsa kuma daga gida zuwa Kwari ko Singa ce, wannan mota za ta rage masa kashe kuɗi ƙwarai. Ga mai jigila tsakanin Kwanar Dangora da Tiga, ko Ƙiru da Bebeji, abin mai yiwuwa ne in akwai wurin caji tabbatacce a tasha. Ga mai lodin hatsi daga Doguwa kuwa, kada ya sayar da Golf ɗinsa tukuna. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fisshe shi.

Masu jari kuma su duba wani abu. Da wayar hannu ta shigo ƙauyukanmu, cikin waɗanda suka fara cin moriyarta har da mai rumfar caji a bakin kasuwa. Kwanar Dangora mararraba ce, motar Zariya na bi, ta Jos na bi, ta Kano na bi. Ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa da ta haɗa kuɗi ta kafa faranti a wurin, ta fara da babura da Keke masu caji kafin motoci su yawaita, ita ce za ta yanka wa kowa farashi nan gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.